Karatun Bazara a Motar Maigidan Baba

Ina aji biyu na sakandare, saura mako uku a yi hutun ƙarshen shekara, malamarmu ta lissafi ta tsare ni a bakin aji bayan an tashi. 'Yar Masar ce, Abla muke ce mata kamar sauran malamai mata. Ta miƙo mini wata takarda ta ce in kai gida. Jami'ar nan ta Jidda, wadda a lokacin ba ta daɗe da buɗe sashen mata ba, za ta yi karatun bazara na mako takwas, kuma an ware 'yan kujeru ga ɗaliban sakandare da suka yi fice. Wadda ta ci darasin za a rubuta mata sa'o'i uku na karatun jami'a a ajiye, su jira ta har ranar da ta shigo. Abla ta ƙara da cewa duk mai irin waɗannan sa'o'i, da wuya a dawo mata da takardarta idan ta nemi shiga. Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ni, amma iyayena Hausawa ne da suka zo daga Sudan, da iƙama muke zaune, wato takardar izinin zaman baƙi, kuma kujerun da ake ba irinmu a jami'a ba su da yawa.

Umma ta saurari bayanin tana tsince shinkafa a tire, sannan ta yi tambaya ɗaya: wa zai riƙa kai ni? Jami'a tana can bayan gari, kuma ba a barin yarinya ta shiga tasi ita kaɗai. Yayye maza ba ni da su, ni ce babba. Baba kuwa direba ne a gidan wani ɗan kasuwa, wanda shi ne kafilinsa, wato da sunansa aka yi wa Baba takardar zama. Da zafi ya shigo iyalin sukan tashi daga unguwar Aziziyya su koma gidansu na bakin teku a Abhur, Baba ya bi su, ba ma ganinsa sai yammacin Alhamis.

Da ya zo a wannan Alhamis ɗin na karanta masa takardar. Ya ce in sake karanto sunan darasin. Ashe 'yar maigidansa, wadda ta riga ta shiga jami'a, ta faɗi wannan darasi na lissafi, kuma za ta maimaita shi a bazarar. An ma riga an gaya wa Baba shi zai riƙa kai ta kullum. Daga Abhur zuwa jami'a, ratsowa ta Hindawiyya ba wani babban zagaye ba ne. Duk da haka sai da Baba ya yi mako guda yana juya maganar kafin ya iya buɗe baki ya roƙa. Shekara goma sha ɗaya yana gidan bai taɓa neman alfarma ba. Maigidan ya ce ba komai. Baba ya haɗa takarduna da na 'yar maigidan ya kai ofishin rajista rana ɗaya.

Ranar farko na tsaya a bakin lungunmu tun ƙarfe shida da rabi, abaya ta riga ta manne mini a baya saboda gumi. Motar ta tsaya, doguwa, baƙa, maƙwabta suna leƙe ta taga. Ban san ko gaba zan shiga ko baya ba. 'Yar maigida ce ta turo ƙofar baya ta ce, "Yalla, shigo, sanyi yana fita." Ta girme ni da shekara biyu. Fara ce siririya, tana yawan cizon farcen babban yatsanta. Ammi take ce wa Baba, wato baffa da Larabci, kuma ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Shi kuwa Baba, in tana cikin mota, Larabci yake yi da ni, don kada ta ga kamar ana maganarta.

Ajin ya ba ni mamaki. Malamin namiji ne, saboda haka ba ya shigowa wurinmu. Yana can sashen maza, mu muna kallonsa a talabijin da aka kafe sama da allo. A kan teburin gaba akwai tarho. Mai tambaya sai ta taso ta ɗauka, muryarta ta fita har ajin maza. Wata mata mai kula da mu, mushrifa, tana zaune a gefe da littafin kiran suna. Mu 'yan sakandare biyar ne, a layin gaba muke zama kamar masu jiran allura. Sai da na yi kwana tara kafin na ɗauki tarhon nan. Malamin ya yi kuskuren alama a tsakiyar wani lissafi, na ga kowa tana kwafa yadda yake. Na tashi na ɗauki tarhon, na faɗa. Ya juya ya dubi allonsa, ya goge, ya ce, "Gaskiyar ɗalibar." Da muka shiga mota 'yar maigida ta ba Baba labarin tana dariya, shi kuma ya gyara madubi, na ga murmushi a bakinsa.

Jarrabawar tsakiya ce ta fara sauya zaman. Na zo ta ɗaya a ajin, ita kuwa makinta bai kai rabi ba. Tun daga ranar kujerar baya ta zama aji. Mukan ɗora littafi a gwiwa, in yi mata bayani daga Hindawiyya har ƙofar jami'a, in sake yi a hanyar dawowa. Tana ganewa in ina kusa. Da na janye hannu na ce ta yi ita kaɗai, sai ta tsaya a layi na biyu, ta kai yatsa baki. Ta gaya mini babanta ya ce idan ta sake faɗuwa zai cire ta, ta zauna a gida, don ba zai riƙa jin kunya a gaban abokansa ba. Na tausaya mata ƙwarai, kuma ina jin daɗin zama da ita. Takan zo mini da ruwan mangwaro mai sanyi a ƙaramin filas.

Saura kwana shida jarrabawar ƙarshe aka liƙa takardar wurin zama a ƙofar zaure. Bisa lambar rajista aka jera mu, kuma tun da rana ɗaya Baba ya kai takardunmu, lambarta tana bin tawa. Kujerata tana gabanta daidai. Na ga ta daɗe tana kallon takardar.

A mota ba ta buɗe littafi ba. Sai da muka wuce gadar da ke kusa da jami'a ta matso kusa da ni ta rage murya, ko da yake a cikin mota babu muryar da ba ta kai gaba.

"Ba wani abu za ki yi ba," in ji ta. "Takardarki kawai za ki matsar dama, ki jingina hagu. Tambaya biyu ta ishe ni."

Na ce, "In aka kama mu fa? Kin ji abin da mushrifa ta karanto. Da mai kwafa da wadda aka kwafa a wurinta, duka kora ce."

"Ba mai gani. Mu kusan sittin ne, masu kula kuwa su biyu."

"Ni in aka kore ni, ba ni da wata ƙofa."

"Ni ma ai ba ni da ita." Ta kalli waje, sannan ta ce, "Jiya ma na ji babana yana cewa a watan nan zai sabunta wa ammi iƙama. Mu ai gida ɗaya ne. Shi ke nan, ki yi tunani."

Har yau ban san abin da take nufi da wannan magana ba. Mai yiwuwa tuna mini zumunci take yi, mai yiwuwa kuma abin da na ji shi take so in ji. Ita kanta ban tabbata ta sani ba. Na dai kasa ɗaga kai in dubi ƙeyar Baba.

Da muka iso bakin lungu na buɗe ƙofa, sai Baba ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya faɗar sunana.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

Da Hausa ya yi maganar, karo na farko a gabanta, idonsa yana kan titi. "Na ji abin da ta ce. Kada ki yi don ni. In kin yi, ki san don kanki kika yi."

Ta dube ni ta ce, "Me ammi ya ce?"

Na ce, "Cewa ya yi in gaida Umma."

Na so in ɓoye wa Umma, amma kafin la'asar ta gane, don ta ga na zuba gishiri sau biyu a miya. Da na gaya mata sai ta ajiye ludayi ta zauna a kan turmi. Ta ƙirga mu da yatsa: ita, ni, ƙannena huɗu, duk a kan takardar Baba muke. Idan kafili ya ƙi sa hannu, ba aiki kaɗai za a rasa ba. Ni da ƙannena ba mu taɓa ganin Sudan ba.

"Ni ban ce ki yi haram ba," in ji Umma. "Amma mutumin nan shi ya ba ki wurin zama a motarsa. Tambaya biyu ta ce. Ki bar ta ta ga abin da zai tsallakar da ita, Allah ya ga zuciyarki."

Na ce, "In aka kama ni fa, Umma?"

"In aka kore mu fa?"

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ji su a ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa. Ina wanke kwanuka a tsakar gida, na rage ƙarar ruwa. Umma tana cewa shi namiji ne, girman kai yake ji, ita ce za ta kwashi yara. Baba ya ce ba girman kai ba ne. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana buɗe wa mutane ƙofa, bai sa 'yarsa makaranta don ita ma ta koyi buɗewa ba. Umma ta ce wannan magana ce mai daɗin faɗa. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai ƙarar fanka. Da ya fito zai koma Abhur bai sake tayar da zancen ba, ya dai ce in riƙa cin abinci.

Na nemi hanya ta uku. Na sayi sabon littafin rubutu, na zauna kwana biyu na fitar da duk irin tambayoyin da malamin yake so, kowace da matakanta, da jan biro a inda ta saba tsayawa. Ranar Asabar na ba ta a mota. Ta karɓa, ta buɗe, ta yi godiya, ta ce, "Kin san ba zai shiga ba a kwana uku." Sannan ta tambaye ni ko na yi tunanin. Na ce ina yi. Ƙarya ce rabi, gaskiya rabi, don ban daina tunanin ba ko a cikin salla. Sauran kwanakin motar ta yi tsit. Ruwan mangwaro bai sake zuwa ba.

Ranar jarrabawa aka shigar da mu babban zaure ƙarfe takwas. Na'urar sanyaya ɗaki ɗaya ce take aiki, sauran fankoki ne. Mushrifa biyu, ɗaya a gaba, ɗaya tana zagayawa, takalminta yana ƙwas-ƙwas a kan siminti. Aka raba takardu a kife, aka ce mu juya. Tambaya biyar ce. Uku daga ciki suna cikin littafin da na rubuta mata, kusan kalma da kalma. Na ji wani sauƙi, na ce a raina watakila ta duba.

Na gama ta farko, ina tsakiyar ta biyu, sai na ji bakin takalminta ya taɓa ƙafar kujerata. Sau ɗaya, a hankali. Na yi kamar ban ji ba. Bayan ɗan lokaci ta sake, sau biyu. Gumi ya gangaro daga goshina ya ɗiga a kan takarda, tawada ta ɗan baje. Na rubuta layi ɗaya sau uku ina sokewa. Ina jin numfashinta a bayana. Na tuna yatsun Umma tana ƙirga mu.

Na matsar da takardar. Ba zan ɓoye wannan ba. Na tura ta dama kamar faɗin yatsa uku, na fara karkata hagu. A daidai lokacin ƙarar takalmin mushrifa ta juyo layinmu. Na janyo takardar da sauri har biro ya faɗi ƙasa. Mushrifa ta tsaya a kaina, ta sunkuya ta ɗauko biron ta ajiye mini, ta dubi takardata, ta dubi ta bayana, ta daɗe a tsaye. Ban ɗaga kai ba. Sannan ta wuce.

Daga nan na kife hannun hagu a kan takardar, na sunkuya a kanta, ban sake matsar da ita ba. An ci gaba da taɓa kujerar, sannan aka daina. Na sha tambayar kaina ko tsoron Allah ne ya hana ni a karo na biyu, ko maganar Baba, ko kuwa takalmin matar nan kawai. Ba zan iya rantsewa a kan ko ɗaya ba.

Saura rabin sa'a na ji ta tashi. Ta wuce ta gefena ta miƙa takardarta, ba ta dube ni ba. Ni kuwa sai da aka ce a ajiye biro.

A ƙofar sashen mata akwai ɗakin jira. Idan mota ta zo, mai gadi yakan kira sunan ɗaliba da lasifika, sannan ta fita. Na leƙa ta tagar ƙofa, ban ga baƙar motar ba. Na zauna a benci. Aka yi ta kiran suna ana fita, har ɗakin ya rage mu uku, sannan ni kaɗai. Aka yi azahar, na yi salla a kan abayata. Mai sharar ɗakin ta zo ta share ƙarƙashin ƙafafuna ta tambaye ni ko an manta da ni ne. Na ce a'a, ana zuwa. Ban san ko ana zuwa ba. Na yi ta ƙaddara abin da ake faɗa a gidan Abhur a daidai wannan lokaci, da wanda yake tsaye da wanda yake zaune.

Gab da la'asar aka kira sunana. A waje babu baƙar mota, sai wata tsohuwar tasi, Baba yana tsaye a gefenta, farar rigarsa ta jiƙe har ƙugu. 'Yar maigida ce ashe ta fito ta ce a tafi, ba za ta jira kowa ba, kuma ba shi da ikon cewa a'a. Ya kai ta Abhur, ya ajiye mota, ya nemi izinin sa'a uku, ya tako zuwa babban titi a cikin ranar nan kafin ya sami abin hawa.

Muka shiga. Ya ce, "Kin amsa duka?"

Na ce, "Na amsa."

Ya dube ni, yana jiran sauran.

Na ce, "Ni kaɗai."

Ya ce, "To." Ya juya ya gaya wa mai tasi hanya. Ban gaya masa zancen yatsa uku ba, ba a ranar ba, ba daga baya ba.

Kwana goma muka yi muna jira. Baba ya koma Abhur, ba labarin iƙama. Duk ƙarar motar da ta tsaya a bakin lungu sai Umma ta miƙe. Ta fito da akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta jera takardun haihuwarmu a jaka ɗaya, ba ta ce don me ba. Ranar da sakamako ya fito, mijin maƙwabciyarmu ne ya je ya dubo mana. Na ci da daraja mafi girma, an rubuta mini sa'o'ina uku. Na roƙe shi ya gaya mini abin da ke gaban lambar da ke kusa da tawa. Ya ce wannan ba ta ci ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Baba ya dawo da jakarsa da tabarmarsa, abin da bai taɓa yi ba a tsakiyar bazara. Maigidan ya kira shi ya ce yarinya ta ce ba ta son ya sake tuƙa ta, ba ta faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ce ba zai kori mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya a gidansa ba, amma daga Asabar zai koma kan babbar motar da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa sito. Iƙama kuwa an sabunta ta ana saura kwana huɗu ta ƙare. Ita 'yar maigidan, na ji daga baya ba a cire ta ba, an ɗauko mata malama a gida. Ban sake zama kusa da ita ba.

Babbar motar ba ta da sanyi, kujerarta katako ce da aka shimfiɗa wa buhu, kuma in masu dako sun yi kaɗan direba ma yakan sa hannu. Baba ya haura hamsin a lokacin. Kullum yakan shigo bayan magariba yana warin man dizal, ya dafa bango kafin ya cire takalmi. A makon farko, saboda ciwon baya, sai a zaune ya yi sallar isha'i. Umma ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini barka ba. A rana ta uku ta dafa ruwa a babbar buta, ta jiƙa tawul, ta tsaya a bakin madafa ta miƙo mini.

"Ke za ki riƙa gasa masa bayan," in ji ta.

Ni na riƙa yi, kowace yamma, har na gama aji uku.